Rokar Yayanki da Na Ƙona

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Daga mahaifinki Idi Direba, Zongo, Lome, zuwa ga 'yata Hadiza.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Uwata, ina gaishe ki, ina yi miki barka da gajiyar hanya. Allah ya sa takardar nan ta same ki kin sauka Dapaong lafiya, ya tsare ki a masauki da wurin aiki, ya sa yaran da za ki koyar su zame miki alheri, ke ma ki zame musu.

Na cusa takardar a ƙasan akwatinki, ƙarƙashin zannuwa, don kada ki gan ta sai kin yi nisa da ni. Na san wannan ragwanci ne. Shekara da shekaru ina jan kamyo, babbar motar kaya, daga tashar jirgin ruwa zuwa Wagadugu da Yamai, na sauko dutsen Alejo da birki mai gardama ban ji komai ba, amma na kasa zama gabanki in buɗe baki. Da hannuna nake rubutawa, ban ba kowa shifta ba, shi ya sa za ki ga baƙaƙen manya-manya sun karkace. Idon ne.

Maganar yayanki ce. Kin san ɗan fari ne, ba ki taɓa jin sunansa a bakina ba. Yau zan rubuta shi. Bashir.

Yana da shekara sha huɗu, ke kuwa kina da uku, kina Sokode wajen kakarki. Lokacin ne duk gari ake maganar Turawa sun taka wata, a majalisa wasu na cewa ƙarya ne, wasu na cewa saɓo ne. Bashir shi bai shiga gardamar ba, sai dai duk takardar da ya samu ya zana roka a kanta. Kawunki Ɗanladi, ƙanen innarki, a lokacin ya fara aikin fito da kaya a tashar jirgin ruwa. Wani ma'aikacin jirgi ya ba shi wani ɗan kwali dogo, ya ce abin wasan yara ne daga Amurka. A ciki akwai bututun kwali, da ɗan ice mara nauyi, da 'yar lema ta leda, da takardar da ke nuna yadda ake haɗawa, da wasu 'yan injina guda uku kamar babban yatsa. Ku 'yan lakwal, masu karatun boko, kuna ce mata fize, ni dai roka na sani. Ɗanladi ya kawo wa Bashir.

Ni ina hanyar Yamai. Innarki ta gaya mini daga baya cewa sati uku ya yi yana haɗa ta a bakin ƙofar ɗaki. Da ya dawo daga lakwal sai ya wanke hannu kamar mai shirin cin abinci, sannan ya taɓa ta.

A tafiyar nan, a wani shinge, na ga masu kaki sun sauke wani direba abokina saboda 'yan bututun ƙarfe da suka gani a motarsa. Na famfo ne. Suka tafi da shi, motarsa ta kwana nan a bakin titi. Kin san zamanin da muke ciki, bai canza ba har yau, mutum ba ya sanin wanda zai kai maganarsa. Mu kuma 'yan Zongo kullum a baƙi ake ɗaukarmu ko da a nan aka yanke mana cibi. Da wannan a cikina na shigo unguwa da la'asar. Ban kai gida ba wani dattijo a majalisa ya kira ni gefe, ya ce, "Idi, ka bincika gidanka. Ana cewa yaronka harsashi yake haɗawa."

Ina shiga, Bashir ya taso da gudu, yana riƙe da ita da hannu biyu. Ja da fari ce, tsawonta kamar daga gwiwar hannu zuwa yatsa. Ya durƙusa ya ce, "Baba, sannu da zuwa. Na gama tun jiya. Kawu ya ce mu je mu harba, na ce sai ka dawo."

Ban amsa gaisuwarsa ba. Na fizge ta na karya a gwiwata.

Uwata, a daidai lokacin da ta karye na san na yi kuskure. Ba ta da nauyin komai. Kwali ne da gam. Amma matan gidan haya sun fito sun tsaya, yara sun leƙo ta zaure, sai na ga idan na tsaya a nan zan zama abin dariya. Na tura gutsattsarin cikin murhun da innarki ke tuƙa tuwo. Injinan uku na jefa su masai. Na juyo na kwaɗa masa mari, ina faɗa da ƙarfi don a ji a waje cewa ba za a jawo mini masifa a gida ba.

Bai yi kuka ba. Ya dafe kunci yana kallon wutar, ya ce, "Kwali ne fa, Baba." 

To, ga ki za ki tsaya gaban yara hamsin da bulala a kan tebur. Wata rana yaro zai zo miki da abin da ba ki gane ba, ko wani ya rigaye shi kawo miki ƙararsa. Ki tambaye shi tukuna. Ki ce mene ne wannan, nuna mini. Tambayar ba ta cin minti ɗaya. Kuma ki riƙa duba cikinki kafin hannunki ya tashi, domin ni ranar nan na ɗauka tarbiyya nake yi, ashe tsoro ne ya cika mini ciki, na rasa wanda zan sauke wa sai wanda ba zai rama ba. Idan kuma kin fara abu kika gane a tsakiya ba daidai ba ne, ki tsaya nan take, ko duk makaranta na kallonki. Waɗanda na ji kunyarsu ranar nan, yau ko sunayensu ban riƙe ba.

Kuskure na biyu ya fi na farko tsawo, don shekara biyar na yi ina yinsa kullum. Ban ba shi haƙuri ba. Na fake da kunyar ɗan fari. A wajenmu uba ba ya sakin fuska da ɗansa na fari, kowa ya san haka, ke ma haka kika ɗauka da kika dawo daga Sokode kika same mu ba ma hira. Amma kafin ranar nan, duk da kunyar, yakan zauna kusa da ni idan ina gyaran mota, ya miƙo mini sifana tun ban nema ba. Bayan ranar sai gaisuwa. Gaisuwa cikakkiya, da durƙuso, babu abin da za a kama shi da shi. Ya daina zane. Karatunsa ma ya yi sanyi, har ya bar lakwal bai kai ƙarshe ba.

Sau ɗaya na kusa. Ina garaji, innarki ta aiko shi da abincin rana. Mu biyu ne kawai a inuwar mota. Na shirya maganar tsaf a raina, na ɗago kai, shi ma ya ɗago yana jira. Kin san abin da ya fito daga bakina? Na ce, "Ka gaya wa innarka gishiri ya yi yawa." Ya ce to. Ya ɗauki kwanon ya tafi.

Al'adarmu tana da kyau, ban ce ki yar da ita ba. Amma ki lura da ranar da za ki ɓuya a bayanta don gudun abin da ya wajaba a kanki. Babba yana ba ƙarami haƙuri, ba abin da ke raguwa a jikinsa. Kuma haƙurin da za a bayar yau ya fi sauƙi a kan na gobe. Ni na yi ta ɗagawa har ya yi mini nauyin da ba na iya ɗauka.

Yana sha tara ya ce zai tafi Abijan neman aiki a tashar jirgin ruwan can. Ranar tafiyarsa ina da lodin shinkafa zuwa Yamai. Da na nemi a ɗaga mini kwana ɗaya da an ɗaga, mai kayan mutumina ne. Ban nema ba. Na yi asuba na tayar da mota, na bar wa innarki saƙo ta gaya masa ya riƙe salla. Gaskiyar magana, tsoron tsayawa gabansa a tasha nake yi.

Yana rubuto wa innarki takarda, Ɗanladi na karanta mata. A ƙarshen kowace akwai layi ɗaya: a gaida Baba. Ban taɓa mayar da amsa da hannuna ba. Shekara biyu yana can. Wata rana ina layin lodi a bakin tashar jirgin ruwa, wani direba da ya zo daga Abijan ya kama hannuna ya ce, "Malam Idi, ya haƙuri? Allah ya jiƙan yaron nan, mun yi masa sutura yadda ya kamata." Ya ɗauka na riga na ji. Zazzaɓi ne na kwana huɗu. Na zauna a kan matakalar mota har aka zo aka ce in matsa layi ya motsa.

Don haka idan wani naki zai yi tafiya, ki ajiye abin da kike yi ki raka shi. Idan aka rubuto miki, ki amsa a satin, ko layi biyu ne. Kada ki ce sai kin samu natsuwar rubuta mai tsawo.

Sauran kin sani, ko in ce kin san rabinsa. Bayan an tashe mu daga tsohon Zongo muka dawo nan, maƙwabtan da suka ga abin da na yi kowa ya kama gabansa. Idona ya fara hazo, na ajiye tuƙi, na zama mai zaman ƙofar gida. Kina sha shida innarki ta fito da wata takarda daga ƙasan kwallarta, ta yi laushi don ninki. Takardar haɗa rokar ce. Ashe ranar nan ta take ta da ƙafa ta ja ta ƙarƙashin tabarma, ta ɓoye ta duk shekarun nan, har da ƙaura. Ta ajiye mini a cinya ta ce, "Malam, ga aiki. Zama ya ishe ka, ni ma kallonka a haka ya ishe ni. Abin da yaron nan ya haɗa, ka haɗa irinsa."

Na ce, "Da wane idon?"

Ta ce, "Ga Hadiza."

Kin tuna yadda muka yi. Takardar da Ingilishi take, sai ranar Lahadi Ɗanladi ya zo ya fassara, ke kina mayar da awon inci zuwa santimita a bayan littafinki. Bututun kwalin da ake naɗe yadi ya yi kauri, sai muka naɗa namu da takardar buhun siminti da ƙaro a jikin sandar tsintsiya. Na farko ya manne da sandar ya ƙi fita. Na biyu ya lanƙwashe don mun shanya shi a rana. Sai na huɗu ya yi. Kan rokar da icen rimi na fere shi, da yatsa nake jin inda ya yi tudu tunda ido ba ya gani. Lemar kuwa innarki ce ta yanka daga leda, ta ɗaura zare shida.

Wajen fukafukai na nuna halina. Takarda ta ce a manna ɗaya a jira ya bushe kafin a sa na biyu. Na ga ɓata lokaci ne, na manna ukun gaba ɗaya. Kika dawo daga lakwal kika ɗaga ta saitin ido, kika ce, "A'a Baba, ba su miƙe ba. On recommence." Wato a sake. Na ji haushi, na ce wa zai lura. Kika ce, "Iska za ta lura." Muka ɓamɓare su.

Sai maganar inji. Ɗanladi ya roƙi wani ma'aikacin jirgi ya taho mana da su, wata ya bi wata shiru. Haƙurina ya ƙare, na je wajen wani maharbi a Adidogome na karɓo albarushi a ƙullin tsumma, wai zan ɗura da kaina. Kika tsaya a bakin ƙofa kika ce ba za a yi ba, takardar ta hana, mutane na rasa yatsu da ido a haka. Na daka miki tsawa. Hannuna ya tashi, Uwata, kin gani, ni ma na gani. Ba ki kauce ba, kika tsaya kina kallona kawai. Na sauke shi. Washegari na mayar wa maharbin kayansa.

Ban taɓa gode miki ba. Na gode. Ki riƙe wannan tsayuwar, za ki buƙace ta. Amma ki juya ta kuma: ranar da ƙaramin yaro zai ce miki Madam, kin yi kuskure a allo, ki juya ki duba allon kafin ki dubi yaron.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Wata rana muna goge kan rokar da samfefa, kika tambaye ni, "Baba, ta Yaya Bashir ɗin ina ta tafi? Ya harba ta?" Na ce miki ruwan sama ne ya shigo ta rufi ya jiƙa ta kafin a harba. Kika ce, "Kash, Allah sarki." Har kika tausaya mini. Innarki tana tsakar gida tana tankaɗe, na ji rariyar ta tsaya, sannan ta ci gaba. Ba ta tona ni ba, Ɗanladi ma haka. Shekara shida kina yawo da ƙaryata a kanki, kina ba ƙawayenki labarin irin uban da kike da shi, wanda ya zauna ya haɗa roka don tunawa da ɗansa. Duk lokacin da na ji ki sai in tashi in shiga ɗaki.

Injinan sun iso bayan wata takwas. Ranar Lahadi da hantsi muka shiga motar Ɗanladi mu huɗu, muka wuce Kakabeli zuwa inda gidaje suka ƙare. Tsoron nan yana nan bai bar ni ba, ina ta waigen hanya ko wani ya biyo mu. Muka samu wata tsohuwa 'yar ƙabilar Ewe a gonarta an gama cire masara. Kika yi mata bayani da yaren Mina, ta dubi rokar ta dube mu, ta yi dariya ta ce mu yi, amma kada mu ƙona mata rogo.

Ɗanladi ya kafa sandar ƙarfe, kika zura rokar, aka ja waya zuwa batirin mota. Innarki ta ƙi fitowa, ta zauna a kujerar baya ta bar ƙofa a buɗe. Na ce ki haɗa wayar. Kika ce, "Kai za ka haɗa, Baba." Kika ƙirga daga goma zuwa ɗaya da Faransanci. Na taɓa wayar a kan batir. Shiru. Na ce a raina ko Allah bai karɓa ba ne. Ashe waya ce ta zame. Kika jira kamar yadda takarda ta ce, kika je kika gyara, kika sake ƙirgawa.

Sai na ji fuuu, na ga farin hayaƙi ya miƙe. Na bi ta da ido har tsayin bishiyar kwakwa, daga nan ta ɓace mini cikin hazon idona. Na kama hannunki ina cewa, "Ina take? Ina take?" Kika ce, "Tana tafiya, Baba, a miƙe take, ba ta karkace ba. Ta zama ɗigo. Ta tsaya. Lema ta buɗe! Lema ta buɗe!" Tsohuwar nan ta saki fartanya tana tafi tana kiran sunan Allah da yarensu. Ɗanladi, da girmansa da tumbinsa, ya ruga cikin kunyoyi yana tare ta.

Ni ban ga komai ba. Abin da na sani na tashin rokar nan, daga bakinki na ji shi.

Na ɗauka idan ta tashi wani abu zai sauka daga ƙirjina. Wata takwas da wannan zaton nake kwana nake tashi. Bai sauka ba. Ina tsaye a gonar mutane, kuna murna, ni kuwa abin da nake tunani shi ne: ashe iyakar abin ke nan. Hantsi ɗaya, da gona, da batirin mota. Abin da yaron ya roƙe ni ke nan, ya jira ni har na dawo daga Yamai. A hanyar komawa, da muka kusa gida, innarki ta ce daga bayan mayafinta, "Da yana nan da ya yi ta tsalle." A nan ne kika ga na juya fuska waje, kika ɗauka iska ce ta shiga mini ido.

Ban ce aikinmu banza ba ne. Watannin nan da muka yi ni da ke a kan tabarma ɗaya, da ƙaro a yatsunmu, ban taɓa samun irinsu da wani ɗa nawa ba. Amma ki sani, gyara yana da lokacinsa, kuma ana yin sa ne ga mutumin da aka ɓata wa, yana raye, yana jinki. Abin da aka yi bayan nan sadaka ce, Allah ya karɓa, amma ba ita ce bikon ba.

Can inda kike, ki gaida maƙwabta ko ba addininku ɗaya ba, ki koyi gaisuwarsu da yarensu. Ki riƙe salla. Ki iya bakinki a ɗakin malamai, kada ki tanka maganar mulki da wanda ba ki san cikinsa ba. Wannan taka-tsantsan ne, ya halatta. Sai dai kada ki bari ya bi ki har cikin ɗaki ya hau kan waɗanda ke ƙarƙashinki.

Na yi miki ƙarya, Hadiza, kuma na bar ki kina yabona a kanta. Ki yafe mini idan kin iya. Idan ba ki iya yanzu ba, ba zan ga laifinki ba, ki rubuto ki faɗa mini haka ɗin, innarki za ta nemo mai karanta mini idan idon ya ƙi. Fushinki a takarda ya fi mini gaisuwa mai kyau wadda babu komai a cikinta.

Shi kuwa ba ni da inda zan same shi sai gaban Allah. Idan kin idar da salla ki yi masa addu'a da sunansa, ke bakinki bai taɓa yi masa nauyi ba. Idan da sauran wuri a addu'ar, ki saka ni.

Allah ya tsare gabanki da bayanki, ya kare ki daga sharrin hanya da na mutum da na zuciya. Allah ya ba ki haƙuri da 'ya'yan mutane, ya dawo mana da ke lafiya muna raye. Innarki tana gaishe ki, ta ce yajin da ke cikin gwangwanin madara na ciwon sanyi ne, kada ki zuba a miya.

Wassalamu alaikum.

Mahaifinki,
Idi